Malfa da Lambar Yabo: Nazarin Kirarin da Ake Yi wa Masu Kare Haƙƙin Ɗan'adam

Duk shekara idan watan Disamba ya kama, musamman ranar 10 ga wata da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da sanarwar haƙƙin ɗan'adam a 1948, akan karanta wani irin rubutu a manyan zauruka na duniya wanda manazarta adabi ba su cika waiwayarsa ba. Rubutun shi ne takardar yabon da ake karantawa kafin a miƙa wa mutum lambar girmamawa, tare da labarin da jaridu da gidajen rediyo ke ginawa a kanta. Gajere ne, amma yana da jigo, yana da tauraro, yana da abin da ya zaɓa ya faɗa da abin da ya tsallake. Duk rubutun da ke da waɗannan siffofi ya shiga hurumin mai nazari, kuma Bahaushe ba ya buƙatar aron ma'auni domin auna shi, tun da yana da kirari da waƙar fada.

Makaɗin fada irin su Ibrahim Narambaɗa ko Salihu Jankiɗi yana aiki da ƙa'ida sananniya. Yakan ware mutum ɗaya ya ɗaga shi sama da kowa, ya nemo masa magabci ya yi masa zambo, domin jarumta ba ta fitowa sai da abokin karawa. 'Yan amshi suna baya suna riƙe da waƙar, amma ba a tambayar sunayensu. Ba wanda ke tuhumar makaɗi da ƙarya, saboda mai saurare ya san fagen da ake ciki. Illar takardar yabo ta zamani ita ce tana amfani da waɗannan dabaru ɗaya bayan ɗaya, alhali tana sanye da rigar tarihi. Mai saurarenta yakan ɗauka rahoto ake ba shi.

Shari'ar da ta fi fito da wannan a fili ta faru ne a nan Jihar Sakkwato. A watan Oktoba na 2001 Babbar Kotun Shari'a ta Gwadabawa ta yanke wa Safiya Husaini, bazawara daga ƙauyen Tungar Tudu, hukuncin jefewa bisa laifin zina, hujja kuwa ita ce cikin da ta ɗauka ba ta da aure, da kuma iƙirarin da aka ce ta yi. Mutumin da ta ambata ya musanta, aka sallame shi. Ranar 25 ga Maris 2002 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci da ke Sakkwato ta soke hukuncin ta sallame ta. A cikin wannan wata ne kuma wata kotu a Bakori ta yanke wa Amina Lawal irin wannan hukunci, wanda kotun ɗaukaka ƙara ta Katsina ta rushe ranar 25 ga Satumba 2003.

Abin da ya kamata mai nazari ya tsaya a kai shi ne hujjojin da suka kuɓutar da matan nan biyu. Lauyoyinsu ba su shiga kotu da takardar 1948 a hannu suna neman alƙalai su juya wa addininsu baya ba. Sun shiga ne da fiƙihun Malikiyya. Sun kafa hujja da cewa wanda ya yi iƙirarin laifin haddi yana da damar janye shi, kuma idan ya janye ba a zartar masa da hukunci. Sun kawo mas'alar kwantaccen ciki, wadda malaman mazhabar suka yarda da ita, cewa ciki na iya kwanciya shekaru, har biyar a zance mafi shahara, don haka ana iya jingina cikin bazawara ga tsohon mijinta. Sun nuna cewa ba a fayyace wa wadda ake tuhuma ma'anar laifin da nauyinsa ba. A shari'ar Safiya an ƙara da cewa abin da ake zargi ya auku ne kafin dokar ta fara aiki a jihar. Ginshiƙin duka shi ne ƙa'idar da kowane ɗalibin zaure ya sani, cewa shubuha tana tunkuɗe haddi. Alƙalan da suka karɓi waɗannan hujjoji malamai ne masu rawani, da littattafan da suka karanta a gaban malamansu suka yi hukunci.

To, da lokacin yabo ya zo, wane labari aka bayar? A watan Satumba na 2002 birnin Rum ya ba Safiya matsayin 'yar gari ta girmamawa. A shekarar ce kuma aka ba Ayesha Imam da ƙungiyar BAOBAB lambar John Humphrey ta ƙasar Kanada. A 2005 Majalisar Dokokin Tarayyar Turai ta ba lauya Hauwa Ibrahim lambar Sakharov, wadda ake bayarwa duk shekara tun 1988, tare da wata ƙungiyar matan Kyuba da wata ta 'yan jarida. Ba ina cewa ba su cancanta ba. Hauwa Ibrahim ta yi aiki a lokacin da mace mai tsayawa kan irin wannan shari'a take jefa kanta cikin haɗari, kuma ita da kanta daga baya ta rubuta littafi a kan hanyoyin samun adalci a cikin kotunan shari'a, abin da ke nuna ta san inda nasarar ta fito. Ƙorafina a kan zubin labarin ne. Kirari yana buƙatar magabci, sai aka ɗora wannan rawa a kan shari'ar kanta da al'ummar da ke bin ta, alhali daga cikinta makamin kariyar ya fito. Kirari yana buƙatar tauraro ɗaya, sai Abdulƙadir Imam Ibrahim da ya jagoranci kare Safiya, da Aliyu Musa Yawuri da ya jagoranci kare Amina, da ƙungiyar WRAPA, suka koma 'yan amshi. Alƙalan ɗaukaka ƙara ko a sahun 'yan amshi ba su samu gurbi ba. Ita kuwa Safiya, an karrama ta ne a matsayin abar tausayi da aka ceto. Matar da ta tsaya ta janye maganarta ta ɗaukaka ƙara, wannan ba ta dace da zubin ba.

Wani zai ce wannan gardamar masu nazari ce kawai, tun da rai ya tsira. Amma zubin labari yana da sakamako. A 2003, ana tsakiyar shari'ar Amina, BAOBAB ta fitar da buɗaɗɗiyar wasiƙa tana roƙon masu tara sa hannu a ƙasashen waje su dakata, domin takardun koken nasu cike suke da kurakurai, kuma suna iya tunzura masu iko su yi taurin kai, su kuma jefa matan da lauyoyinsu cikin haɗari. Waɗanda aka ba lambar yabo ke nan suna roƙon masu yabon su rage murya. Babbar ɓarnar kuma a gida take. Duk lokacin da aka ba da labarin ta wannan fuska, mai saurare a Bodinga ko Shagari yakan ƙara sakankancewa cewa haƙƙin ɗan'adam kayan aro ne, rigar Turawa ce da ake son a saka masa. Daga nan duk wanda ya ɗaga murya saboda marainiya ko matar da aka hana gado sai a ce ɗan koren baƙi ne.

Abin takaici ne a ji haka a Bodinga musamman. A Sifawa, tafiya kaɗan daga garin, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna yana karantarwa kafin ya koma Sakkwato a 1815, ƙanensa Abdullahi kuma ya zauna a Bodinga. Shehu ne ya soki malaman da ke karantar da almajirai su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci, a Nurul Albab. A Kitabul Farƙi an jera zaluncin sarakuna da sunayensa na Hausa, har da gaisuwa da jangali. Abdullahi kuwa bai tsaya ga sukar abokan gaba ba, ya juya kan jama'arsa da kansu da ya ga sun karkata ga dukiya da mulki, kuma waƙoƙin da ya tattara a Tazyinul Waraƙat a 1813 suna ɗauke da wannan ɓacin rai. Ƙasar da aka yi wannan rubutu a cikinta tana da harshen da za ta yi maganar zalunci da shi.

Tana kuma da nata salon karramawa, wanda a ganina ya fi na zauren Turai zurfin tunani. Nana Asma'u, 'yar Shehu, da ta kafa tsarin 'Yan Taru domin karantar da matan karkara, takan naɗa shugabar kowace ƙungiya, wato jaji, ta hanyar ɗora mata malfa a ɗaure ta da jan ƙyalle. A dubi bambancin. Lambar yabo tana zuwa bayan aiki, tana rufe labari, a ɗauki hoto a watse. Malfa tana zuwa gaban aiki, wadda aka ɗora wa za ta koma ƙauyensu ta tara mata, ta taka da su zuwa wurin karatu, ta komo ta karantar. Ba a iya tunanin jaji ba tare da ayarinta ba, don haka karramawar ba ta raba ta da 'yan amshinta. Kuma wadda ta ɗora malfar da waɗanda za su gan ta harshe ɗaya suke ji.

Sai dai zan zama makaɗin fada ni ma idan na tsaya a nan. Daular da ta samar da waɗannan littattafai ba ta hana bauta ba, ta rayu da ita, kuma saurarta bai ƙare ba. A 1996, a yankin Birnin Ƙwanni da ke tsallaken iyakarmu, an sayar da Hadijatu Mani tana da shekara 12 a kan sefa 240,000, ta zama wahaya. Bayan an ba ta takardar 'yanci ta auri wanda take so, sai kotu ta yanke mata ɗaurin wata shida bisa laifin aure kan aure. A nan gida ne ya gaza. Ƙungiyar Timidria ta Nijar da abokan aikinta na waje suka kai maganar kotun ECOWAS, wadda a ranar 27 ga Oktoba 2008 ta samu gwamnatin Nijar da laifin rashin kare ta, ta umarci a biya ta sefa miliyan 10. Lambar jarumtar mata da Amurka ta ba ta a 2009 ta zama mata garkuwa, domin wanda duniya ta san sunansa yana da wuyar taɓawa. A wannan labari magabcin na gaske ne, kuma wadda aka karrama ita ce ta kai ƙara da bakinta. Kirarin ya dace da abin da ya faru.

Shari'ar Safiya ce bai dace da ita ba, kuma rubutun da ya fi faɗin gaskiyarta ba takardar yabo ba ne. Hukuncin 25 ga Maris 2002 ne, inda alƙalai suka bi kurakuran ɗan'uwansu na Gwadabawa ɗaya bayan ɗaya suka warware su da littattafan da shi ma ya karanta. Ba shi da tauraro, ba shi da zambo. Da za a buga shi a ɗan ƙaramin littafi da boko da ajami, a kai makarantun zaure na Bodinga da Sifawa, almajirin da ya kai babin haddi zai gane kowace hujja da ke cikinsa.