Habaici a Zauren Majalisa: Nazari kan Ladabin Muhawara daga Fadar Zazzau

Akwai ra'ayin da ya yaɗu tsakanin masu sharhi kan siyasa cewa habaici makamin matsorata ne, kuma ɗan majalisar da ya tsaya kewaye-kewaye, maimakon ya kama sunan wanda yake tuhuma, ya bar jaki ne yana dukan taiki. Masu wannan ra'ayi suna ɗaukar ladabin muhawara, wato ƙa'idojin da ke tsare harshen wakili a zauren majalisa, a matsayin kayan aro daga Ingila, habaici kuwa suna kallonsa a matsayin ragowar fadanci da ya kamata dimokuraɗiyya ta share. Duka hukuncin biyu an yanke su ne cikin gaggawa, domin wanda ya san yadda ake magana a fadar Zazzau zai ga cewa ƙa'idar da habaicin tushensu ɗaya.

Majalisar Wakilai ta Arewa ta fara zama a Kaduna a 1947 ƙarƙashin tsarin mulkin Richards, kuma ta gaji manyan dokoki uku daga majalisar Ingila: wakili ya fuskanci Shugaba da maganarsa ko da da wani yake, kada ya kira abokin zamansa da sunan yanka, kada kuma ya ce masa maƙaryaci. Mutumin Birnin Zariya bai buƙaci a koya masa ko ɗaya daga ciki ba. Tun bayan jihadi gidaje huɗu ne suke neman gadon sarautar Zazzau, wato Mallawa da Barebari da Katsinawa da Sulluɓawa, kuma M. G. Smith ya nuna a littafinsa na 1960 kan mulkin Zazzau yadda sabon sarki kan tuɓe mutanen wani gida ya naɗa nasa. Mutanen da ke hamayya mai zafi irin wannan, amma dole su haɗu a zaure ɗaya su durƙusa a gaban mutum ɗaya, ba su da zaɓi sai su ƙera harshen da zai ɗauki husuma ba tare da ya tarwatsa zaman ba. A fadar Zazzau ana kiran mutum da sarautarsa, Madaki ko Galadima ko Wambai, ana miƙa zance ga Sarki ko da wani ake nufi, fadawa kuma su amsa gaisuwa a madadinsa.

Ya kamata a raba habaici da makusantansa, domin masu sukarsa sun cakuɗa su. Zagi shi ne a fuskanci mutum a jefa masa mummunar kalma. Zambo, wanda maroƙa da makaɗan fada suka ƙware a kai, shi ne a siffanta abokin hamayyar ubangida da muni, sau da yawa ta hanyar ƙirar jikinsa ko asalinsa, yadda kowa zai gane shi. Habaici kuwa aiki yake bayyanawa ya sakaya mai aikin, ya bar wa wanda ya tsargu ya ɗauka, tunda mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Zagi da zambo suna taɓa mutum, habaici yana taɓa abin da mutum ya yi, kuma wannan bambanci shi ne ainihin abin da dokokin majalisa suke ƙoƙarin tsarewa.

Ƙarfin habaici a Hausa yana cikin nahawu ne, musamman a wakilin sunan nan da ba ya nuna kowa, wato "an" da "aka" da "ana". A ɗauka, a matsayin misali kawai, wakili yana son ya ce kuɗin wata hanya sun salwanta. Idan ya nuna yatsa ya ce wa ɗan uwansa ɓarawo, za a tsayar da shi a nemi ya janye, zauren ya rabu gida biyu, a shafe sauran zaman ana gardama kan kalmar, hanya kuwa an manta da ita. Idan kuwa ya fuskanci Shugaba ya ce an ware kuɗi kaza a shekara kaza, an kuma rubuta cewa an zuba kwalta, sai dai da alama ruwan damina ya kwashe ta tun ba a shimfiɗa ba, to ya yi abubuwa huɗu a numfashi ɗaya. Ya shigar da adadi da shekara cikin kundin zaman majalisa, inda ba za a iya goge su ba tunda bai karya doka ba. Ya sa zauren dariya, kuma wanda ya yi dariya ya riga ya amince cewa akwai abin tambaya. Ya bar wa wanda abin ya shafa ƙofar ya tashi ya kawo takarda ya wanke kansa ba tare da ya fara rama zagi ba. Sannan ya ɗora masa nauyin zaɓi, domin in ya yi shiru tuhumar tana nan tsaye, in kuma ya fusata ya nuna kansa da kansa. Maganar cewa wannan tsoro ne ba ta da ƙafa, domin kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake, kuma duk zauren ma ya sani.

Iyakar wannan dabara a fili take: mutum kaɗai ake sakayawa, ba a sakaya hujja. Habaicin da babu adadi ko rana ko takarda a bayansa gugar zana ce kawai, wato shafar mutum a kaikaice don a ɓata masa rai, kuma ita ce ta jawo wa habaici baƙin jini. Mafi kyawun misali a tarihin Arewa shi ne ƙudurin da Abubakar Tafawa Ɓalewa ya gabatar a Majalisar Wakilai ta Arewa a Agustan 1950, inda ya nemi a binciki tsarin En'e a gyara shi, a gaban zauren da ma'aikatan En'e suka cika. Tuhumar mai nauyi ce ƙwarai, amma a kan tsari ya ɗora ta, cikin salon gyara kayanka wanda ba ya zama sauke mu raba, kuma ta buɗe hanyar gyare-gyaren da suka kai ga Dokar En'e ta 1954. Akasin haka shi ne abin da ya faru a majalisar Yamma a Ibadan cikin Mayun 1962, inda kujeru suka tashi sama, sandar majalisa ta karye, aka kafa dokar ta-ɓaci, ko kuma ranar da aka fizge sandar Majalisar Dattawa a Abuja cikin Afrilun 2018.

Daga nan ake isa ga abin da ba a cika faɗa ba, wato cewa kaifin harshe da ladabinsa duka suna dogara ne ga mallakar harshen. Wakilin da ke iya sarrafa karin magana da shaguɓe da barkwanci a dandalin unguwarsu, idan aka tilasta masa Ingilishin da bai gama mallaka ba, sai ya rasa duk matakan da ke tsakanin yabo da zagi, ya koma ko karanta takarda ko ɗaga murya. Majalisar Arewa ta dā tana muhawara da Hausa da Ingilishi, kuma jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka kafa a Zariya a 1939, tana kai labarin zaman ga masu karatu da harshensu. Sashe na 55 na Tsarin Mulkin 1999 ya ambaci Hausa cikin harsunan Majalisar Tarayya idan an yi tanadi, sashe na 97 kuma ya ba majalisun jihohi damar amfani da harsunan jiharsu, amma tanadin tafintoci da marubuta bai kai inda ya kamata ba. Tun 2023 Kakakin Majalisar Wakilai, Tajuddin Abbas, Iyan Zazzau ne kuma wakilin Zariya, wato mutumin da ya zauna a zaurukan biyu, na fada da na majalisa. Abin da zauren farko zai iya koya wa na biyu shi ne cewa majalisar da ta iya hannunka-mai-sanda ba ta kaiwa ga kokawa a kan sanda.