Zinaren Lake Placid da Aikin Masu Tantancewa

A watan Fabrairun 1932, a garin Lake Placid da ke jihar New York, mutum huɗu suka tsaya wa lardin Manitoba na ƙasar Kanada a wasan karlin, lokacin gasar Olamfik ta hunturu. Wasa huɗu suka buga, babu wanda ya doke su. Uku daga cikinsu 'yan majalisar tarayya ne masu ci a lokacin: William Burns, James Bowman da Errick Willis. Na huɗun, Robert Pow, ya riƙe kujerar magajin garin Fort William, garin da ma ba a Manitoba yake ba, a Ontario yake. Bowman ya zama kakakin majalisa a 1935. Willis kuwa ya jagoranci jam'iyyar Conservative ta Manitoba daga 1936 zuwa 1954, sannan ya zama wakilin Sarauniya a lardin daga 1960 zuwa 1965.

Shi karlin wasan ƙasashen sanyi ne, tushensa Sikotilan. Ana tura dunƙulen dutse mai nauyin kusan kilo 20 a kan ƙanƙara, abokan wasa biyu na goge masa hanya da tsintsiya don ya tsaya kusa da tsakiyar wata da'ira. A ƙauyukan yammacin Kanada, zauren karlin shi ne majalisar gari a lokacin hunturu, don haka ba abin mamaki ba ne mai neman ƙuri'a ya iya tura dutse.

To, ga editan Wikipedia na sa-kai zai rubuta tarihin Willis. Zai ce ya ci zinare a gasar Olamfik ko kuwa?

Rabin tarihin na siyasa ba ya ba shi wahala. Ɗakin karatu na majalisar Kanada yana da kundin duk wanda ya taɓa zama a zauren, da mazaɓarsa, da ranar shigarsa da ta fitarsa. Willis ya wakilci mazaɓar Souris daga 1930 zuwa 1935, magana ta ƙare. Rabin na wasa shi ne mai santsi. A 1932 karlin ba ya cikin jerin wasannin da ake ƙirga lambobinsu. Na nuni ne kawai. Ƙungiyoyi takwas suka fito, huɗu daga Kanada, huɗu daga Amurka, kuma an tsara abin ne ta yadda kowace ƙungiyar Kanada za ta kara da Amurkawa kaɗai. Manitoba ba ta taɓa haɗuwa da Ontario ko Quebec ba. Duk wanda ya rubuta cewa Kanada ta lashe zinare bai shara ƙarya tsagwaronta ba, amma ya sa mai karatu ya hango gasar ƙasashe da kambun da kwamitin Olamfik ya amince da shi, alhali ba haka aka yi ba.

A ganina nan ne ainihin aikin yake. Ƙarya mai ƙaho ba ta daɗewa idan shafi na da masu sa ido. Abin da ke shekara ba a taɓa shi ba shi ne ƙarin gishirin da ya yi wa kowa daɗi: dangin mamaci, jaridar garinsu, ƙungiyar wasan, jam'iyyarsa. Babu mai kai ƙara don an yabi kakansa fiye da kima. Kuma irin wannan tarihi gida biyu yake da shi. Masu bibiyar siyasar Kanada suna duba alƙaluman zaɓe su wuce. Masu bibiyar karlin suna duba wanda ya tura dutse na farko da wanda ya jagoranci ƙungiya su wuce. Jimlar farko ta maƙalar, wadda ta haɗa mutumin wuri guda kuma wadda yawancin masu karatu ke tsayawa a kanta, kowa na zaton ɗan'uwansa ya duba ta.

Ƙa'idar da editocin ke bi sananniya ce: duk abin da za a iya musantawa sai an jingina shi da majiya abin dogaro, kuma ba a yarda edita ya kawo sakamakon bincikensa na kansa ba. Idan babu hujja, a manna wa jimlar alamar neman majiya, ko a kai maganar shafin tattaunawa. Wannan ƙa'ida ta ceci Wikipedia daga masu son zuciya, amma tana da farashi, kuma karlin ɗin ne ya nuna shi. Shekaru da dama ana lissafa gasar karlin ta Olamfik ɗin Chamonix ta 1924 a matsayin ta nuni. A 2006, bayan jaridar The Herald ta Glasgow ta tono maganar, kwamitin Olamfik na duniya ya tabbatar cewa gasa ce cikakkiya, zinaren da 'yan Sikotilan suka ci wa Birtaniya na gaske ne. Editan da ya bi littattafan da ke hannu kafin wannan sanarwa ya bi ƙa'ida, kuma ya rubuta kuskure. Da wani ya gano gaskiyar da kansa a cikin tsoffin takardu, da ba a bar shi ya saka ta ba sai wata jarida ko wani littafi ya fara bugawa. Ban ga laifin tsarin ba, domin idan aka buɗe wannan ƙofa mai gaskiya ɗaya zai shigo da masu zato ɗari a bayansa. Sai dai ya kamata mai karatu ya san cewa abin da ake tantance masa shi ne abin da aka riga aka buga.

Akwai kuma tarkon da ya fi wannan muni. Ɗan jarida mai gaggawa ya kwafi jimla marar hujja daga Wikipedia, ya buga. Wani edita ya zo ya ɗauki jaridar a matsayin hujjar jimlar. Shi ya sa gogaggun cikinsu ke duba ranar da aka buga majiya su gwada da ranar da jimlar ta shiga shafi. Masu fassara maƙaloli zuwa Wikipedia ta Hausa su ma abin ya shafe su, don kuskuren da aka gyara a Turanci bara yana iya ci gaba da zama a fassarar da aka yi bariya.

Idan mutumin yana raye, ana ƙara tsanantawa, tun bayan abin da ya faru a 2005, lokacin da wani ya alaƙanta ɗan jaridar Amurka John Seigenthaler da kisan 'yan gidan Kennedy, ƙaryar ta yi watanni a shafi. Rick Folk misali ne: zakaran karlin na duniya a 1980 da 1994, kuma ɗan majalisar lardin Saskatchewan daga 1982 zuwa 1986, har ya riƙe minista. A shafi irin nasa, zargin da ba shi da majiya cire shi ake yi nan take, ba a jira tattaunawa. Willis ya rasu a 1967, wannan kariya ba ta hau kansa ba. Tarihinsa ya dogara ne ga wanda zai zauna ya buɗe rahoton gasar 1932 ya duba a wane babi aka saka karlin.