Gidan Harewood: sharhi a kan gini da gyaran da aka yi masa

Gidan Harewood yana cikin karkarar Yorkshire, kusa da birnin Leeds na ƙasar Ingila. An gina shi da dutsen yankin tsakanin 1759 da 1771 domin wani attajiri, Edwin Lascelles. John Carr ne ya zana jikin ginin, Robert Adam ya tsara adon cikin ɗakuna, Thomas Chippendale kuma ya ƙera kujeru da tebura.

Tsarin Carr ya ginu ne a kan daidaito. Babban ɗaki yana tsakiya, fukafukai biyu suna dama da hagu, ba su kai shi tsawo ba. A fuskar kudu akwai shirayi mai manyan ginshiƙai wanda yake jan idon mai kallo zuwa tsakiyar gidan. Duk wanda ya hango ginin daga nesa ya san inda kansa yake.

A shekarun 1840 iyalin suka kira Charles Barry, mutumin da ya zana ginin Majalisar Dokokin Ingila a Landan. Mai gidan na lokacin da matarsa Louisa suna da ƴaƴa 13, suna bukatar ƙarin ɗakuna. Barry ya ƙara hawa a sama, ya rushe shirayin kudu, ya shimfiɗa wani faffaɗan dandamali mai lambu irin na Italiya.

Wannan gyara ya samar da wurin kwana, amma ya rage wa ginin ma'ana. Da fukafukan suka yi tsawo, tsakiya ta daina rinjayar su. Da ginshiƙan suka tafi, fuskar kudu ta zama bango mai jerin tagogi, ido ba ya samun wurin tsayawa. Sai dai dole a yaba dandamalin: shi ne ya haɗa gidan da filin da Capability Brown ya tsara, har gini da tafki suka zama abu guda ga mai kallo. Barry ya gyara ƙasa, ya ɓata sama.

Akwai kuma abin da dutsen bai faɗa ba. Dukiyar da ta gina Harewood ta fito ne daga cinikin sukari da gonakin rake na tsibiran Karibiyan, irin su Barbados da Jamaika, inda bayi ƴan asalin Afirka suka yi aiki. Bayan dokar hana bauta ta 1833, iyalin Lascelles suka karɓi diyyar da ta haura fam 26,000 a kan bayi 1,277. Bayin kuwa ko kwabo ba su samu ba. Ƴan shekaru kaɗan bayan haka Barry ya fara aikinsa.

Saboda haka, sharhin da ya tsaya ga ginshiƙai da tagogi kaɗai bai cika ba. Mai nazarin wannan gida ya kamata ya tambayi wanda ya zana shi, ya kuma tambayi wanda guminsa ya biya kuɗin dutsen.