Mahadin Frank Herbert a Idon Mai Karatu na Kilomita Biyar

A shekarar 1969 kamfanin NNPC na Zariya ya buga Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, littafin da manazarta ke kafa hujja da shi cewa Hausa ma tana da ƙagaggen labarin kimiyya. A wannan shekarar ce kuma Frank Herbert, marubuci ɗan Amurka, ya fitar da Dune Messiah, ci gaban littafinsa Dune na 1965. Dembo ya hau sararin samaniya da yaro mai son ganin ƙwaƙwaf. Herbert kuwa ya hau da tambayar da ta daɗe tana ci wa ƙasashenmu tuwo a ƙwarya: me ke samun al'ummar da aka zalunta ranar da mai ceto ya bayyana?

Labarin Dune ya gudana a Arrakis, duniyar da babu komai cikinta sai rairayi da manyan tsutsotsi. A can kaɗai ake samun wani sinadari mai suna melange, wanda in babu shi babu tafiya tsakanin taurari. Sarki da gidajen sarauta da kamfanin CHOAM ke kwasar arzikin, su kuwa 'yan ƙasa, wato Fremen, suna tattalin ruwa ɗigo-ɗigo. Sai Paul Atreides, ɗan sarautar da aka kashe wa uba, ya gudo jeji, suka karɓe shi a matsayin Mahadi. Herbert bai ɓoye inda ya ɗebo kayansa ba. Kalmomin Larabci sun cika littafin, kuma an san ya amfana da littafin Lesley Blanch na 1960 kan Imam Shamil, wanda ya yi ta gwabzawa da Rasha a duwatsun Kokasas har 1859.

Wanda ya tsaya a littafi na farko zai ɗauka labarin nasara ne. Na biyun ne ke warware zare da abawa. Shekara 12 bayan hawansa mulki, Paul da bakinsa yake lissafa cewa yaƙin da aka yi da sunansa ya ci rai biliyan 61. Ya hango hakan tun da wuri, ya kuma kasa hana shi, domin a wurin Herbert wanda ya san gobe ya zama fursunan abin da ya gani. Musulmi ya taso da sanin cewa gaibu na Allah ne, saboda haka wannan gaɓa ba za ta zo masa da baƙunta ba. A ganina nan ne littafin ya fi zurfi.

Mazauna Kilomita Biyar, unguwar kasuwa da Musulmi suka fi yawa a Bangui, babban birnin Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, inda Hausawa suka daɗe da zama, sun ga irin wannan da idonsu. 'Yan tawayen Seleka sun ƙwace birnin a watan Maris na 2013, abokan gābarsu 'yan anti-balaka suka kai hari ranar 5 ga Disamba, Musulmi da yawa suka tsere Chadi da Kamaru. Waɗanda suka rage aka yi musu ƙawanya a unguwar. Matasa suka ɗauki makami don kare iyayensu, kuma babu mai musun cewa a lokacin ana bukatarsu. Amma da tafiya ta yi nisa sai ƙungiyoyinsu suka koma karɓar haraji a hannun 'yan kasuwar da suke iƙirarin karewa. An gudu ba a tsira ba. A Disambar 2019 'yan kasuwar suka ce ya isa, aka yi artabu, mutane da dama suka rasa rayukansu. Paul bai fara da mugunta ba, su ma waɗannan matasan haka, kuma wannan shi ne gargaɗin Herbert: wanda aka miƙa wa wuya saboda tsoro ba ya saurin sakinsa.

Sai dai akwai inda ban yarda da shi ba sam. A labarinsa, imanin Fremen da zuwan Mahadi ba daga gare su ya tsiro ba. Wata ƙungiyar mata mai suna Bene Gesserit ce ta shuka shi tun da daɗewa don amfanin kanta. Addini ya zama akalar da mai wayo ke jan talaka da ita. Tarihinmu ya fi haka faɗi. Gaskiya ne kiran Mahadi ya tayar da jama'a, tun daga Muhammad Ahmad na Sudan da ya ci Khartum a 1885 har zuwa Satiru kusa da Sakkwato, garin da Turawan mulkin mallaka suka shafe a 1906. Amma a ƙasar Hausa ne Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, da jama'a suka so ɗora masa wannan matsayi, ya rubuta ƙarara cewa shi ba Mahadi ba ne, ya kafa hujja da siffofin da hadisai suka zo da su. Birkin ya fito ne daga cikin ilimin addinin kansa. Haka a Kilomita Biyar, babban masallacin unguwar ne ya zama mafakar waɗanda aka kora daga gidajensu, a nan kuma aka tarbi Fafaroma Francis ranar 30 ga Nuwamba 2015, lokacin da shiga unguwar ke da hatsari.

Fremen suna da jarumai da shugabannin ƙabila da mata masu riƙe da tsafi, amma ba su da malamin da zai buɗe littafi ya ce wa jama'a wannan ba shi ba ne. Da Denis Villeneuve ya fitar da kashi na biyu na fim ɗin Dune a 2024, ya nemi cike giɓin, ya sa Chani, 'yar Fremen masoyiyar Paul, ta zama mai shakkarsa. Sai dai shakkarta ta wadda ta daina yarda da annabcin ce gaba ɗaya, ba ta wadda ta yi karatu ta auna mutumin da ma'aunin addininta ba.