Baƙo ko Bare? Kalma guda a bakin harsuna uku

Malamin da ya tambayi ɗaliban lise a Damagaram ma'anar kalmar Ingilishi stranger, amsa ɗaya zai samu: baƙo. Amsar ba ƙarya ba ce, amma rabin gaskiya ce.

Kalmar ta shiga Ingilishi ne daga tsohon Faransanci, tushenta kuwa Latin, inda take nufin wanda yake daga waje. Wanda ba a sani ba ke nan, babu abin da ya rataya a wuyan kowa game da shi. Mai zuwa ziyara kuma Turawan Ingila sun ware masa wata kalma dabam. Bahaushe bai raba su ba. Baƙo a wurinsa yana da mai masauki, yana da ruwan sha da tabarma, shi ya sa ake cewa baƙonka annabinka. Tsarin gari ma shaida ne: a wajen ganuwar Birni aka kafa Zango domin fatake da ayarin Buzaye, wato an ba baƙunci unguwa sukutum.

Inda wannan bambanci ya fi cizo shi ne littafin Albert Camus, L'Étranger, na 1942. Da aka fassara shi a 1946, a Amurka ya fito da sunan The Stranger, a Ingila kuwa The Outsider. Masu buga shi kansu ba su daidaita ba. Ɗalibin da aka ce masa sunan littafin "Baƙo" zai yi ta jiran matafiyi, ga shi kuwa Meursault a Aljiyas yake zaune, yana da aiki da maƙwabta. Abin da kotu ta kasa yafe masa, fiye da kisan kai, shi ne bai yi kuka a jana'izar uwarsa ba. Hausa tana da sunan irin wannan mutum: bare, wanda yake cikin mutane amma ba nasu ba. Baƙo raɓa ne, gobe zai tashi. Bare kuwa ba inda za shi.

Amma "Bare" ma bai rufe maganar ba. Balaraben da Meursault ya harbe a bakin teku, ɗan ƙasa ne, littafin kuwa ko suna bai ba shi ba. Mai karatu a garin da Faransawa suka ci a 1899 da wuya ya wuce wannan wuri bai tsaya ya tambayi wane ne mai gida a labarin ba.