Gambarar Zamani: Darasin Da Ke Tsakanin Nima Da Abakpa

Masu iya magana sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Da wannan ma'auni ya kamata mu auna waƙoƙin hip-hop, waɗanda wasu ke kira gambarar zamani. Ga dalilinmu daga ƙasar Gana.

Reggie Rockstone a Ingila aka haife shi, kuma da Turanci ya fara waƙa. Da ya koma Gana sai ya ɗora wannan salo a kan harshen Tuwi, wato na Tonawa, ya gauraya shi da kiɗan hailaif na iyayensa. Abin da ya fito shi ake kira hiflaif, kuma faifansa Makaa Maka na 1997 yana cikin waɗanda suka share fage. Sarkodie ma da Tuwi ya yi suna, har ya sami lambar BET ta Amurka a 2012. Blitz the Ambassador kuwa daga New York ya fitar da Native Sun a 2011, amma ƙahonnin hailaif ne ke tashi a cikinsa. Na gida da na waje, duk daga rumbun gida suka ɗebo.

Waɗanda suka fi shafarmu su ne VIP, 'yan unguwar Nima ta birnin Akra, inda Hausa take harshen kasuwa da majalisa. Sun saka Hausar zango a waƙoƙinsu tare da Tuwi. Wasu a nan kan yi wa Gananci dariya don bai cika bambanta namiji da mace ba. Wannan kuskure ne, domin da harshen da jama'arsa ke ji ake auna mawaƙi. Aibin da muke gani shi ne sau da yawa Hausar kan zama gishiri kawai, Tuwi ce miyar. Ko waƙarsu da ta fi fice, Ahomka Wo Mu, sunan Tuwi gare ta.

To, mai karatu ya dubi Abakpa a nan Kaduna. Unguwa ce irin Nima, ƙabilu iri-iri, Hausa ta haɗa su. Garinmu ya fitar da irin su DJ AB, ga Ziriums a Kano tun kafin nan. Amma yawancin ƙananan mawaƙan da ke tasowa jigonsu bai wuce kuɗi da mota da cika baki ba. Kiɗan na aro, amsa-amon na dole, a jefo kalmar Turanci duk inda ta Hausa ta gagara.

Alhali kuwa muna da abin gado. Kirarin mafarauta da na 'yan tauri akwai sauri da gadara. 'Yan gambara da 'yan kama sun ƙware a zambo da habaici. Ɗan Maraya Jos da kuntigi kaɗai ya waƙe rayuwar ɗan ƙwadago da yaron mota. Me ya hana a ji kalangu ko kuntigi a ƙarƙashin baitocin yaran Abakpa? Me ya hana zaman haya da layin ruwa su zama jigo?

Mu ma ɗalibai da laifinmu. Muna ta nazarin Shata, mun bar waɗannan yara ba mai yi musu gyara. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Idan ba mu sa waƙoƙinsu a sikelin jigo da salo da sarrafa harshe ba, to, kada mu yi kuka ran da suka bar mana Hausar gaba ɗaya.