Inda Tsuntsu Ya Yi Ƙwai: Sharhi a kan Nazarin Hayayyafar Namun Daji a Fadamar Haɗejiya

Wannan maƙala za ta duba rubuce-rubucen da masana suka yi a kan tsuntsaye da kifayen fadamar da ta tashi daga Haɗejiya ta bi ta Kirikasamma da Guri har zuwa Nguru. Abin da nake son nunawa shi ne, tambayar da masu bincike suka fi ba muhimmanci, watau ina dabba take hayayyafa, tana da tarihi, kuma tarihin nan ya faro ne daga yadda Turawan mulkin mallaka suka kasa namun dajin Afirka kashi-kashi.

A shekarar 1900 ƙasashen Turai masu mallakar Afirka suka yi taro a Landan, suka tsara yarjejeniya ta kare namun daji da tsuntsaye da kifi. Wanda ya karanta ta zai ga cewa hayayyafa ce ginshiƙinta. An hana kashe 'ya'yan wasu dabbobi da matan da ke tafe da 'ya'ya, domin kada abin farauta ya ƙare. A ɗaya ɓangaren kuma an jera waɗanda aka kira masu ɓarna, irin su zaki da damisa da kura, aka nemi a rage su, har aka ƙarfafa fasa ƙwan kada da na mesa. Yarjejeniyar ba ta fara aiki a hukumance ba, amma dokokin da aka kafa daga baya sun bi sawunta, ciki har da ta Nijeriya ta 1916. A 1903 aka kafa ƙungiyar kare namun dajin daular Ingila, wadda yawancin manyanta mafarauta ne, har mutanen ƙasarsu suka yi musu laƙabi da mahautan da suka tuba. Shekara uku bayan wannan, a 1906, sojojin Ingila suka ci Haɗejiya da yaƙi, suka kashe Sarki Muhammadu.

John MacKenzie ya fayyace wannan tarihi a littafinsa The Empire of Nature na 1988, inda ya nuna yadda doka ta mai da farautar Bature wasan manya, ta mai da ta baƙin mutum sata. Littafi ne mai amfani, sai dai hujjojinsa daga gabashi da kudancin Afirka da Indiya suka fito. A nan ba a yi Turawa 'yan kaka-gida masu ƙwace gonaki ba, kuma ta hannun sarakuna da En'e aka yi mulki. Sarkin baka da sarkin ruwa da bulama ba su bar aikinsu ba. Saboda haka ɗalibin da ya ɗauko MacKenzie ya kifa shi a kan Guri yadda yake, zai yi ta neman zaluncin da ba irinsa aka yi ba, ya tsallake wanda ke gabansa.

Wanda ke gabansa kuwa yana cikin zaɓen abin da za a bincika. Tsuntsayen fadamar nan iri uku ne a idon masu rubutu. Na farko su ne baƙi, agwagin ruwa da sauran masu zuwa da kaka daga Turai da Saberiya, su koma kafin bazara su yi ƙwai a can. Reginald Moreau, wanda ya daɗe yana aikin gwamnatin Ingila a Masar da Tanganika, ya tattara ilmin ƙaurarsu a littafinsa na 1972. Tun da a Turai suke ƙyanƙyasa, sai aka ɗauke su 'yan Turai ne masu zuwa cin rani, ko da yake watannin da wasunsu ke yi a nan sun kai na can ko sun fi. A 1969 masu ƙidayar tsuntsaye a Ingila suka ga wani ƙaramin tsuntsu mai farin maƙogwaro ya ragu ƙwarai, bincike ya kai su ga farin da ya fara a yankin Sahel. Farin ke nan da ya yi ta cin dabbobin Fulani har zuwa 1973. Wannan damuwa da baƙin tsuntsaye tana cikin dalilan da suka sa ƙungiyar kare tsuntsaye ta Ingila ta shiga shirin kare fadamar Haɗejiya da Nguru da aka fara a 1987, kuma ita ta kawo Yarima Filif Dagona a 1989.

Iri na biyu shi ne jan-baki. Shi kam an san hayayyafarsa ciki da bai. Peter Ward ya yi aiki a kansa a arewa maso gabashin Nijeriya, ya buga sakamakon a mujallar Ibis a 1965, maƙala ɗaya a kan abincinsa, ɗaya a kan yadda yake sheƙa da ƙyanƙyasa. Aiki ne na ƙwarai, kuma ya kamata a yi masa adalci: ya nuna cewa 'ya'yan ciyawar daji ne yawancin abincin jan-baki, daga baya kuma ya yi gardama cewa kisan gilla ba ya rage yawansa, gara a tsare gona a lokacin da take cikin haɗari. Duk da haka dalilin da ya sa aka ba da kuɗin binciken a fili yake. An nemi sanin sheƙarsa ne don a san inda za a far masa, kamar dai ƙwan kada na 1900.

Iri na uku su ne 'yan gida, waɗanda ba baƙi ba ne, ba kuma maɓarnata ba: dinya da kirinjijiya da shamuwa da gauraka. A nan ne rubutu ya yi ƙaranci, kuma a nan ne asarar ta fi yawa. Gauraka yana sheƙa ne da damina a cikin ciyawar da ruwa ya kwanta a kanta. Ana kiransa tsuntsun Nijeriya, amma yau ya kusa ɓacewa daga ƙasar baki ɗaya, saboda bushewar fadamu da kuma kama shi da rai ana sayar wa masu son ado a gida. Ƙidayar tsuntsayen ruwa kuwa a watan Janairu aka saba yinta, lokacin da baƙi suka cika fadama, 'yan gida kuma sun riga sun gama ƙyanƙyasa. Kalandar binciken kanta ta nuna wanda aka zo dominsa.

Littafin da Hollis da Adams da Aminu-Kano suka shirya a 1993 ya yi ƙoƙarin gyara wannan karkata. Marubutansa sun mai da hankali ga ambaliya kanta, suka nuna yadda madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992 suka rage ta, suka kuma sauya lokacinta. Edward Barbier da abokan aikinsa sun ƙiyasta a 1991 cewa ruwan da aka bari ya malala a fadama ya fi kawo riba, ta noma da su da itace, a kan wanda aka tare don noman rani a Kano. Da wannan hujja aka daina kare fadama da sunan tsuntsun Turai kaɗai. Amma ina ganin sun tsaya a rabin hanya. Sun ƙidaya kifin da aka kama suka sa masa farashi, ba su ba sanin masunta a kan yadda yake hayayyafa matsayin ilmi ba. Masunci a Guri ya san tarwaɗa tana bin sabon ruwa ta hau ciyawa ta zuba ƙwai, ya san bargi yana gina sheƙa a cikin ciyayi yana gadinta, ya san tabkin da ba a shiga sai sarkin ruwa ya buɗe shi. Yanzu da ruwa ya daina janyewa da rani a wasu rassan, kacala ta toshe hanyoyinsa, ta cinye gonaki, ta kuma zama maɓoyar jan-baki, shi ne mutum na farko da zai iya faɗin wane kifi ya daina zuwa, kuma a wace shekara.

Baturiya ta shiga jerin fadamu masu muhimmanci na yarjejeniyar Ramsar a 2008. Shawarata ga sassan nazarin halittu da na harsunan Nijeriya a jami'o'inmu ita ce su tura ɗalibai tare, a watannin Yuli zuwa Satumba, su ƙidaya sheƙa, su kuma rubuta sunayen tsuntsaye da kifaye da lokutan ƙwansu da Hausa da Badanci da Barbarci daga bakin tsofaffin mafarauta da masunta.